Dijatu, Mai Zana Hanya a Bango

Wani dare cikin bazarar bana, bayan an yi lisha gari ya lafa, na ji wata ƙara a jikin bangon ɗakina. Ba sallamar baƙo ba ce, don ba a ƙofa take ba. Ƙwas, ƙwas, sai shiru, sai ta matsa gaba kaɗan, ƙwas, ƙwas. Na ce ko akuyar maƙwabcina Dodo ce take susa da ƙaho. Na ce ko gara ce ta girma har ta koyi neman izini. Na daɗe ina son in ji yadda tsohon bango yake magana, saboda haka na kwanta ina saurare, har da ɗan jin daɗi. Sai da ƙarar ta zagaye ɗakin ta komo inda ta fara sannan na gane ta, daɗin kuwa ya gudu ya bar ni. Duk Filinge mutum ɗaya ke yi wa bango haka, Dijatu mai zane. Idan za ta yi wa ɗaki aiki, takan zo lokacin da babu hayaniya, ta bi shi da ƙahon rago tana ƙwanƙwasawa, don ta ji inda gara ta ci da inda yake da ƙarfi. Ni kuwa ban kira ta ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina kauce wa kiranta.

Gara in faɗi dalili tun yanzu, kada mai karatu ya ɗauka wannan jinjina daga bakin mutumin kirki ta fito. Mijin Dijatu, Ibrah, abokina ne. Tare muka tafi cin rani Kurmi, ƙasar Gwalkwas, ni kaɗai na dawo. Na ce mata yana nan tafe. Daga baya na san ba ya tafe, ban koma na gyara maganar ba.

Amma ba labarina na zauna rubutawa ba, nata ne.

Dijatu takan tashi tare da ladan. Idan ta yi salla, sai ta ɗauki ƙwarya biyu ta nufi gindin dutsen da ke bayan gari, inda take tonon jar ƙasa. Farar ƙasa kuwa wajen masu ginin rijiya take samu, sun san ta, idan suka kai ga fari sai su ware mata. Baƙi daga gawayi ne. Tana da dutsen niƙa na daban wanda hatsi bai taɓa hawa ba, a nan take niƙe su har su yi laushi kamar kwalli, ta kwaɓa da ƙaron da makiyaya ke kawo mata daga daji. Kayan aikinta ba su cika tafin hannu ba: gashin zabo, asawakin da ta tauna bakinsa, da babban yatsanta na dama, wanda ja ya kama shi har ba ya fita.

Abin da take zanawa hanya ce. A nan ƙasarmu ta Kurfai, da an gama girbi maza sukan kama hanyar kudu, su dawo kafin ruwan fari. Wanda ya dawo lafiya, sai a yi wa ɗakinsa sabon shafe, a kira Dijatu. Takan fara daga dama da ƙofa, ta bi bango da tafiyar mutum, zango bayan zango, har ta zagayo ta kawo shi hagu da ƙofa. Ba ta zana mutum, sawunsa kawai take dangwalawa da yatsa, shi ya sa malamai ba su taɓa samun abin cewa ba. Kuma ba ta barin hanya a buɗe. Ta ce wanda aka fitar, sai an maido shi.

Abin mamakin, ita kanta ba ta taɓa wuce kasuwar Bankuku ta nan kusa ba. Duk abin da ke bangunan garin nan, kogi da gada da kasuwar Kumasi da bakin teku, daga bakin mutane ta ɗauko shi. Kowa kan zo mata da abin da ya zaɓa tun a hanya, babban abu wanda zai sa baƙo ya riƙe baki. Ita kuwa sai ta zaunar da shi ta ce ya fara daga ƙofar gida. Me ka fara gani da ka fita gari? Ina rana take? Wane icce ne a zangon? Ruwan rijiyar nan, da zaƙi ko da zartsi? Wa kuka tarar a masaukin? Kafin mutum ya farga, abin da ya hau bango ba shi ne ya zo da shi ba.

Haruna maƙeri jirgin ƙasa ya so. Ina wurin ranar da ta gama shi, ya tsaya ya ƙura masa ido.

Ya ce, "Inna, wanga ai shanshani ne ke shan taba."

Ta ce, "Kai ka ce dogo ne, ƙafafu da yawa, yana jan ciki, hayaƙi ga kai."

"Ƙafafun ƙarfe ne, Inna, masu zagaye."

"To kai ba maƙeri ba ne? Da ka ɗauko mini ɗaya in gani."

Ta tsoma bakin ludayi a baƙi ta buga masa ƙafafun, jirgi ya zama jirgi. Amma can kusa da kusurwa ta sa wata 'yar rijiya, inda Haruna ya ambata a wuce cewa wata tsohuwa Bagurma ta ba shi ruwa ranar da ƙishirwa ta kusa kashe shi. Yau idan ka shiga ɗakin Haruna, rijiyar yake fara nuna maka, jirgin sai ka tambaya.

Magagi tsohon soja ne. Ya dawo daga yaƙin Faransa da ƙafa biyu da hannu biyu, amma shekara biyu ba a ji ya haɗa magana uku ba. An yi rubutu, an yi turare, shiru. Uwarsa ta kira Dijatu don kawai a yi masa abin da ake yi wa kowane matafiyi. Dijatu ba ta tambaye shi komai ba. Ta zauna tana kwaɓa farar ƙasa a gabansa, yini guda. Da la'asar sai ya ce, "Haka ƙasar take da ƙanƙara." Ta ce, "Har ina?" Ya nuna gwiwarsa. Ta shafe bangon da fari har gwiwa, ta ce, "Su wa ke tafiya cikin farin nan?" Ya fara kiran sunaye, wani daga Dogonduci, wani daga Tawa, tana dangwala wa kowa sawunsa, tana tsayar da shi inda Magagi ya ce ya tsaya. Uwarsa ta ce da kunnenta ta ji, daga bayan zana, tana riƙe da baki kada kukanta ya katse shi. Da damina ta zo, Magagi ya ɗauki hauya ya bi mutane gona.

Har matar kwamandan, Baturen da ke mulkin gari, ta taɓa zuwa kallon waɗannan ɗakuna. Ta sa tafinta ya ce wa Dijatu ta zana mata irinsu a takarda ta tafi da su ƙasarsu. Dijatu ta ce, "Ta zauna ta ba ni hanyarta tukuna." Matar ta duba agogo, maganar ta tsaya nan.

Mu maza kuwa dariya muke yi mata. Mukan ce Dijatu ta fi ɗan sanda tambaya, Dijatu da za ta samu jaki da ta riga mu isa Kumasi. Babu wanda ya tsaya ya yi tunani. Mace a ƙasar nan ba ta kiran sunan mijinta, balle ta tare namiji ta ce, ka gan shi? Kunya ba ta bari. Sai ta tambayi hanya. Ta tambayi rijiya da icce da masauki, ko wani zai yi tuntuɓe da shi cikin labari.

Ke ce kika mai da kunya sana'a, Dijatu. Abin da bakinki bai iya tambaya ba, kika sa yatsanki ya bi shi zango zango, kuma ba ki taɓa tauye wa wani tasa hanyar don kina neman taki ba. Da wannan yatsa kika ciyar da ɗiyarki Saratu, wadda ke goye ranar da muka fita gari, har kika kai ta ɗakin miji. Bayan shekara huɗu alƙali ya ce kina iya warware igiyar aure, 'yan'uwanki suka matsa, masu nema suka zo. Kika ce wanda ya san hanya ya ce yana tafe. Wanda ya san hanyar nan ni ne.

Nawa ɗakin, takarda na manna masa. Na fara da almanaka ɗaya da na samo a wani kanti a Yamai, mai hoton jirgin ruwa. Na ƙara da wani dutse mai farin kai, da wata doguwar hasumiyar ƙarfe, da wani kifi mai fuka-fuki da na yage daga littafin wani akawu. Ina son irin waɗannan abubuwa tun ina yaro, wannan gaskiya ne, nakan kwanta ina kallonsu har in manta da tuwo. Amma ba don so kaɗai na zaɓe su ba. Na zaɓe su ne don takarda ba ta tambaya.

Dodo taubashina ne, bakinsa ba ya hutawa a kaina. Yakan leƙo ya ce, "Kailu, wanga jirgi ka shiga, ko wancan kifi ne ya kai ka?" Ko ya ce, "Almanakar ga tun kafin yaƙi take, kai har yanzu Talatar waccan shekara kake?" Ni kuma in ce masa zamani ne, wanda ya taɓa lakwal, makarantar boko, ba ya kwana da jar ƙasa a ka. Shekara biyu kacal na yi a lakwal, amma na yi ta dogara da su kamar sanda.

Abin da ya fi ci mini rai, samari sun ji ni. Yanzu da mota ake tafiya, mutum ya yi barci a Yamai ya farka a wani gari, bai san sunan icce ko ɗaya ba. Suna dawowa da takardunsu a naɗe, su kafa da ƙaya, su ce ko Malam Kailu haka ya yi. Kiran Dijatu ya yi ta raguwa. Mayafin da na rufe kaina da shi, shi ya rage mata tuwo.

Washegarin daren da na ji ƙarar bangon nan, Dijatu ta zo da hantsi, ƙwaryarta a ka.

Ta ce, "Ina kwana, Malam Kailu. Bangonka na gabas gara ta taɓa, sauran da ƙarfinsu."

Na ce, "Lafiya lau. Amma ban kira ki ba, Dijatu."

"Shi ya sa na zo. Yanar ido ta kama ni, kafin kaka ba ni bambanta ja da baƙi. Duk wanda ya taka hanyar Kurmi da ƙafa a unguwar ga na zana mishi, saura kai. Cire takardunka."

Dodo na jin haka ya jawo tabarma ya zauna a ƙofa, ya ce yau za a ga ko Kailu ya taɓa wuce Baleyara da ke nan kusa a hanyar kudu. Na cire takardun ɗaya bayan ɗaya. Bayansu duk gizo-gizo ne da ƙwan kyankyaso.

Ranar farko shafe ta yi. Rana ta biyu ta fara hanya daga dama da ƙofa, kuma ba tare da ta tambaye ni ba ta dangwala sawu biyu, gefe da gefe. Muka wuce Baleyara. Muka haye Kwara cikin kwalekwale. Muka ratsa ƙasar Gurma, ina ba ta rijiyoyi tana gyara mini sunayensu, don ta fi ni saninsu. Da muka kai Kumasi, a bangon da ke fuskantar ƙofa, sai na ƙi fita. Na ba ta labarin mutumin da ke yawo da biri mai hula. Na ba ta agogon da ke kuka kamar tsuntsu, da kazar da na gani mai gashi a juye, da rumfar da ba a sayar da komai sai maɓallai. Kwana huɗu ina zagaya kasuwa. Dodo ya gaji ya tafi sharar gona. Ita kuwa ta zana duka, har hular birin.

Rana ta biyar ta ce, "Malam, bango ya kusa ƙarewa. Ku juyo gida."

Muka juyo. Na ba ta zango ɗaya, na ba ta na biyu, sawu biyu suna tafe. A na uku na tsaya. Ta riƙe yatsa a sama, ja na ɗiga, ba ta dube ni ba.

Na faɗa mata. Kurkunu ne ya fara kumbura wa Ibrah ƙafa, muka yi ta jan jiki har wani ƙaramin ƙauye kwana biyu gaba da Yandi. A nan zazzaɓi ya shiga, idonsa ya yi rawaya. Hadari kuwa yana bayanmu kullum da yamma, yana tafiya arewa, kuma kowane Bakurfaye ya san wanda ya rasa shukar fari ya rasa shekara. Ayari ya ce ba ya jira. Na kwana biyu a kansa. Rana ta uku na shimfiɗa masa bargona a ƙofar mai masauki, na cika masa gora, na bi mutane da gudu. Shi da kansa ya ce in tafi, in shuka har da tasa gonar. Na shuka. Da na ce yana tafe, rabin zuciyata ya yarda da haka, don kurkunu ba ya kisa. Ɗaya rabin ya ga idonsa.

Da rani ya zagayo na koma ƙauyen. Mai masauki ya nuna mini kabari, ya ce kwana huɗu ya yi bayana. Na dawo Filinge da maganar a bakina, na zo har ƙofar gidanta. Tana daka, Saratu na riƙe da zaninta. Ta ɗago ta dube ni. Na ce sannu da aiki, na wuce. Na ce gobe. Goben nan ce ta kai shekara talatin.

Dijatu ta goge yatsanta a bakin ƙwarya.

Ta ce, "Wane icce ne a ƙofar masaukin?"

Na ce, "Kaɗanya."

"Da inuwa?"

"Da inuwa."

"An yi mishi sutura?"

"Mai masaukin musulmi ne. Ya ce su bakwai suka yi mishi salla."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Mutum ya fi arba'in da suka ba ni hanyar ga. Na san kowace rijiya, na san inda ake kwana da inda ba a kwana. Na daɗe da sanin abokinka ba ya tafe, ai ba jaka ba ce ni. Abin da ban samu ba, wurin da zan tsayar da shi." Ta juyo ta dube ni. "Ranar auren Saratu aka ce ina uban yarinya, a raye ko a mace. Kana zaune cikin mutane, Malam Kailu, da goro a bakinka."



Ta ɗauki gashin zabo ta zana kaɗanya. Ta daɗe a kanta fiye da duk kasuwar Kumasi, ganye bayan ganye, hancinta kusan yana taɓa bango. Ta kawo sawu biyu har gindinta. Sannan ta haɗa ƙoranta ta fita, ba sallama.

Kashegari aka ji a gari cewa labarin rasuwar Ibrah ya tabbata. Ba ta faɗi daga bakin wa ba, mutane suka ɗauka wani fatake ne. Aka yi sadaka. Liman ya ce mata takaba ta wuce ta tun tuni, babu komai a kanta. Ta ce, "Tawa ba ta fara ba." Ta shiga ɗaki, wata huɗu da kwana goma.

Ku lissafa da kanku. Daga bazara zuwa kaka ke nan. Ɗan hasken da ya rage mata a ido, wanda za ta iya zana ɗaki biyar ko shida da shi, a nan ta ƙarar da shi, tana zaune saboda mutumin da ƙasa ta daɗe da cinyewa.

Ni kuwa duk daminar nan a ƙarƙashin rabin hanya na kwana. Daga kaɗanya zuwa ƙofa bango fari fat, babu ko ɗigo. Na rataye tabarma a ƙofa na hana Dodo shiga, na ce shafe bai bushe ba. Ya ce wane irin shafe ne wanda ya fi rijiya daɗewa. Sau da yawa na ɗauko takarduna don in rufe wurin, sai in mayar. Na san idan ta bar ni a nan, ta yi daidai. Mai zane ba ta taɓa barin hanya a buɗe ba, amma ba a taɓa ba ta irin tawa ba.

Ranar da aka fara yankan gero na ji sallama. Saratu ce riƙe da ƙwarya, uwarta na bayanta da sanda. Idon Dijatu ya rufe, sai fari.

Ta ce, "Ina iccen?"

Na kama ƙarshen sandarta na ɗora a kan kaɗanya. Ta lalubo wurin da hannu, ta tsoma yatsa a ƙwarya.

"Ja ne ko baƙi?"

Saratu ta ce, "Ja ne, Inna."

"To, Malam. Da ka bar gindin iccen ga, ina rana take?"

Haka ta tambaye ni sauran hanyar, babu zangon da ta tsallake mini. Sawu ɗaya take dangwalawa. Layin ba ya miƙe, yana hawa yana sauka, wani wuri ya kusa taɓa ƙasa, ko rijiya ɗaya ba ta iya zanawa ba. Amma bai yanke ba. Da hannunta ya ji katakon ƙofa, ta buga na ƙarshe, ta ce, "Sannu da zuwa."

Na durƙusa na ce ta gafarce ni.

Ta ce, "Wancan tsakaninka da Allah ne da abokinka. Ni aikina hanya."

Wannan ne zanenta na ƙarshe, kuma shi ne mafi karkacewa a duk Filinge. Ba zan taɓa rufe shi ba.

Na gode, Dijatu ta Kurfai, mai maido da matafiyi ƙofar gida. Na gode a madadin Haruna da Magagi da duk wanda ya shigo miki da fankama ya fita da abin da ya gani da gaske. Na gode da sunana da kika rufe, wanda ni na buɗe yau da hannuna, don bai kamata mutane su ci gaba da ɗauka cewa fatake ne ya kawo miki labari ba. Allah ya ba ki hasken da ya fi wanda kika ƙarar a bangunanmu.

Ku kuma samari masu dawowa da takarda a naɗe, ban hana ku ba, jirgin yana da kyau, ni ma na kalle shi shekaru. Amma kafin ku kafa ƙaya, ku je ku zauna gaban tsohuwar nan. Tana nan da ranta, bayan masallacin unguwarmu, kunnenta garau. Ku ba ta hanyarku daga ƙofar gida, ku ji abin da za ta tambaye ku. Mata masu hannu, ku je ta nuna muku yadda ake kwaɓa ƙasa da ƙaro tun yatsanta yana tunawa. Wanda kuma ya dawo da labarin wani a bakinsa, ya sauke shi ranar da ya iso, kafin ya sha ruwa.

Ranar nan da ta gama, tana zaune a bakin ƙofa Saratu na zuba mata ruwa a hannu, sai ga Dodo. Ya ga babu tabarma, ya kutsa kai yana cewa yau dai shafe ya bushe. Ya fara daga dama yana bin hanya da yatsa, ya yi wa birin dariya, ya ce hular ta fi tawa kyau. Da ya zo kaɗanya sai dariyar ta tsaya. Ya duba sawun da suka shiga gindinta, ya duba wanda ya fita. Ya dube ni. Ya bi jan layin nan a hankali har ƙofa, ya tsaya a kan tsohuwar.

Ya ce, "Dijatu, kin san inda ya bar shi, kuma kika kawo shi gida?"

Saratu ta ƙara mata ruwa, Dijatu ta ci gaba da cuɗa yatsanta.